Yadda Ake Auna Tasirin Kwamfuta a Kan Aikin Likita da Nas

Asibitin da ya bar fayil ɗin takarda ya koma kwamfuta, bayan 'yan watanni za ka ji magana biyu masu karo da juna. Shugabanni su ce aiki ya yi sauri, fayil ya daina ɓata, sakamakon gwaji yana zuwa nan take. Likitoci da nas-nas kuma su ce an mayar da su akawu, ba sa tashi aiki a kan lokaci, mara lafiya yana ba da labarin ciwonsa su kuma idonsu na kan allo. Sau da yawa kowane ɓangare gaskiya yake faɗa. Manhaja ba kasafai take kashe aiki ba, ƙaura take sa shi. Ya bar hannun akawu ya koma hannun likita, ya bar safiya ya koma bayan an tashi, ya bar bakin gadon mara lafiya ya koma teburin kwamfuta. Duk wanda aka ɗora wa awon nan, sawun wannan ƙaura zai bi. In ya tsaya a wuri ɗaya yana ƙirga mintoci, zai dawo da lissafi mai kyau wanda ba ya faɗin gaskiya.

Mataki na farko: ka ƙuntata tambayarka

"Shin manhajar nan ta sauƙaƙa aiki?" ba tambayar da ake aunawa ba ce. Aikin wa, a wane sashe, a wane lokaci? Wani nazari da Lise Poissant da abokan aikinta suka wallafa a 2005, inda suka tattara binciken da aka yi a baya, ya nuna kwamfutar da ake ajiyewa a bakin gado ta rage wa nas-nas kusan kashi 24 cikin 100 na lokacin rubutu, amma irin wannan tsarin ya ƙara wa likitoci kusan kashi 17 cikin 100. In ka haɗa su ka cire matsakaici, sai ka ce babu wani babban canji, alhali rayuwar mutane iri biyu ta canja, kowa ta nasa gefen.

Don haka ka rubuta tambayarka da sunan mai aikin, da aikin, da wurin. Misali: tsawon wane lokaci nas ɗin ɗakin kwanciya take ɗauka kafin ta gama rabon maganin safe, kuma sau nawa ake katse ta? Tambaya biyu ko uku irin wannan sun isa. Kuma ga kowace, ka tambayi kanka: in wannan aikin ya ragu, wa zai iya gadonsa? Shi ma ka sa shi cikin awon tun daga farko.

Mataki na biyu: ka auna kafin a kunna, ka zana hanyar aikin

Kuskuren da ya fi yawa shi ne a tuna da awo bayan manhaja ta riga ta kama aiki. A lokacin babu abin kwatantawa sai abin da mutane suka tuna, shi kuwa tunani yakan yi wa jiya kwalliya. An manta da awar da aka ɓata ana neman fayil ɗin da ya shige, da rubutun likitan da mai ba da magani ya kasa karantawa. In har akwai sauran dama, ka ware makonni ka auna aikin takarda da irin ma'aunin da za ka yi amfani da shi daga baya. In damar ta wuce, nemi wani sashe da bai koma kwamfuta ba tukuna, ko ka jira babban sauyi na gaba a manhajar ka yi awonka kafinsa.

A wannan lokacin ne za ka ɗauki babbar takarda ka zana yadda aiki ɗaya yake tafiya daga farko har ƙarshe. Likita ya rubuta magani, wa ya gani, wa ya kai, wa ya tabbatar, wa ya ba mara lafiya, a ina aka rubuta an bayar. Kada ka kwafo shi daga littafin ƙa'idojin asibiti. Ka zana shi tare da masu yin aikin, sannan ka bi su da ƙafa ka ga ko haka yake. Kusan kullum za ka tarar da matakan da babu su a rubuce, kamar nas ɗin da ke karanta umarnin likita tun yana tsaye, ta tuna masa cewa wannan mara lafiyar jikinsa ba ya karɓar wannan maganin. Irin waɗannan matakan su ne kwamfuta take sharewa ba tare da kowa ya lura ba.

Akwai misali mai nauyi a kan wannan. A 2005 mujallar Pediatrics ta wallafa wani bincike daga asibitin yara na Pittsburgh a Amurka, inda mace-macen yaran da ake kawowa daga wasu asibitoci ya tashi daga kashi 2.8 zuwa kashi 6.57 cikin 100 bayan an fara rubuta umarnin likita ta kwamfuta. Masu binciken sun lura cewa a da, likita yana shirya magunguna tun yaron na kan hanya, amma sabon tsarin ba ya karɓar umarni sai yaron ya iso an yi masa rajista. An kuma kwashe magunguna daga sashen kulawa ta musamman an mayar da su babban ɗakin magani. An yi muhawara sosai a kan yadda aka tsara binciken, kuma shekara ɗaya bayan haka wani asibitin yara a Seattle da ya sa manhajar kamfani ɗaya bai ga ƙaruwar mace-mace ba. Wannan bambancin shi ne abin lura: manhaja ɗaya, hanyar aiki daban.

Mataki na uku: ka bi ma'aikaci da agogo

Gani ya kori ji. Hanyar da ta fi kowace tsufa, kuma har yau babu wadda ta maye gurbinta, ita ce mutum ya bi likita ko nas yana rubuta abin da yake yi da lokacin da ya fara da wanda ya gama. Daga masana'antu aka gado ta. Frank Gilbreth, a farkon ƙarni na 20, ya shiga ɗakin tiyata ya ga likitoci suna ɓata lokaci wajen neman kayan aiki, ya ba da shawarar nas ta riƙa miƙa musu a hannu.

Kafin ka shiga ɗaki, ka raba aiki gida-gida. Kada gidajen su yi yawa, goma zuwa goma sha biyu sun wadatar: duba mara lafiya ido da ido, rubutu, karanta bayanai, harkar magani, magana da abokin aiki, tafiya, jira, neman abu, hutu, da sauransu. Kowane gida ka rubuta masa ma'ana da misali da kuma abin da bai shiga cikinsa ba, domin a nan ake samun saɓani. Likitan da ke bugun bayani yana yi wa mara lafiya tambaya, rubutu yake yi ko duba mara lafiya? Ka yanke hukunci tun kafin a fara. Ni a ganina, a rubuta su duka biyun a matsayin aiki biyu lokaci guda, saboda wannan haɗin shi ne ainihin abin da kwamfuta ta kawo cikin ɗakin duba marasa lafiya.

Rubuta "me yake yi" kawai bai isa ba. Tsarin WOMBAT da Johanna Westbrook da tawagarta suka ƙirƙiro a Ostireliya yana rubuta abu huɗu ga kowane aiki: mene ne aikin, a ina, tare da wa, kuma da wane kayan aiki. Yana kuma kama katsewa da haɗa aiki biyu. Akwai wata manhajar irinta mai suna TimeCaT. In babu ko ɗaya, takarda mai layuka da agogon waya za su yi, sai dai aikin tattarawa zai yi yawa.

Katsewa ta cancanci kulawa ta musamman. A wani bincike na Westbrook da aka wallafa a 2010, an bi nas-nas 98 a asibitoci biyu na Sydney suna ba da magani fiye da sau 4,000, aka ga kowace katsewa guda tana tafe da ƙarin kusan kashi 12 cikin 100 na kuskure. Saboda haka manhajar da ta rage minti biyar a rabon magani amma ta ninka yawan katsewa ba ta kawo riba ba. Ka rubuta wa ya katse, me ya jawo, kuma shin an koma kan aikin farko ko an bar shi ke nan.

Ga wasu ƙa'idoji da bai kamata a sassauta ba. Masu lura biyu su bi mutum ɗaya a lokaci guda yayin horo, a kwatanta abin da suka rubuta, kada a sake su sai sun riƙa dacewa a mafi yawan lokuta. Masu lissafi suna auna wannan dacewa da ma'aunin kappa na Cohen. Zama ɗaya kada ya wuce awa ɗaya da rabi zuwa biyu, don hankalin mai lura yana dushewa. A rarraba zaman a kan safe da yamma da dare da ƙarshen mako, a haɗa tsofaffin hannu da sababbi. Mai lura kuma kada ya zama shugaban wanda yake bi. Mutum in ya san ana kallonsa yakan gyara zama, abin da masana ke kira tasirin Hawthorne, daga sunan wata masana'anta a kusa da Chicago. Ba a kawar da shi gaba ɗaya, amma yana raguwa in ma'aikata sun saba da fuskar mai lura, shi ya sa ya fi kyau a ajiye bayanan kwana ɗaya ko biyu na farko a gefe. Kai Zheng da abokansa sun fitar da wani jerin abubuwan dubawa mai suna STAMP a 2011 don irin wannan aiki, yana da kyau a bi shi kafin a fara.

In ma'aikatan awo ba su da yawa, akwai gajeriyar hanya. Maimakon bin mutum ɗaya, mai lura ya riƙa leƙa sashen a lokutan da aka zaɓa ta hanyar ƙuri'a, ya rubuta abin da kowa ke yi a wannan daƙiƙar. A ce an leƙa sau 400, an tarar da nas a gaban kwamfuta sau 120, to kusan kashi 30 cikin 100 na lokacinta ke nan. Wannan hanya tana ba da rabon lokaci, amma ba ta nuna jerin aiki ko katsewa.

Irin abin da bin sawu ke tonowa, binciken Christine Sinsky na 2016 ya nuna shi. An bi likitoci 57 na fannoni huɗu a Amurka tsawon awa 430, aka tarar kashi 27 cikin 100 na lokacinsu ne kawai suke fuskantar mara lafiya, kashi 49 kuma suna kan kwamfuta da aikin tebur. Wato kowace awa ɗaya da mara lafiya, kusan awa biyu ke biyo bayanta.

Mataki na huɗu: ka karanta sawun da manhaja ke ajiyewa

Kowace manhajar asibiti mai inganci tana ajiye rajistar wanda ya shiga, da abin da ya buɗe, da daƙiƙar da ya buɗe shi. Don tsaro aka yi ta, a san wanda ya leƙa fayil ɗin da bai shafe shi ba, amma ta zama taska ga mai awo. Mai lura ba zai bi likita gida ba, rajistar nan kuwa tana bin sa. A 2017 Brian Arndt da abokansa sun karanta irin wannan rajista ta likitocin iyali 142 a jihar Wisconsin, suka ga suna shafe awa 5.9 cikin awa 11.4 na yininsu a cikin manhajar, minti 86 daga ciki bayan an rufe asibiti. Wani binciken na 2020 da ya shafi likitoci kusan 155,000 ya samu minti 16 da daƙiƙa 14 a kwamfuta ga kowane mara lafiya.

Me za ka ciro? Jimillar lokacin da aka yi cikin manhaja, lokacin rubutu, lokacin rubuta magani da gwaje-gwaje, lokacin akwatin saƙo, da aikin da aka yi bayan lokacin aiki. Na ƙarshen nan shi ne wanda ba na so a tsallake, don a nan ne aikin da ya yi ƙaura ya fi ɓuya, kuma daga lokacin iyali da na barci ake biyansa. Don a iya kwatanta mai aikin cikakken yini da mai rabin yini, a mayar da kowane adadi bisa awa takwas na ganin marasa lafiya, kamar yadda Sinsky da wasu masana suka ba da shawara a 2020.

Sai dai rajistar tana da makanta, kuma wanda bai san wannan ba zai yi ta kafa hujja da iska. Dannawa take gani, ba ta ganin mutum. Likita ya buɗe fayil aka kira shi da gaggawa, allon na nan a buɗe minti ashirin: aiki ne ko ba aiki ba? Wani kuma yana zaune yana karanta dogon bayani bai taɓa komai ba, rajista ta ɗauka ya tashi. Kowane kamfani yana da tasa ƙa'idar ta daƙiƙa nawa ne na shiru za a ɗauka mutum ya bar wurin, saboda haka ka nemi a ba ka wannan ƙa'ida a rubuce, kuma kada ka kwatanta adadin manhajoji biyu kai tsaye. Ga kuma matsalar mutum uku suna aiki da sunan wanda ya fara shiga da safe. In ana haka a sashenka, rajistar za ta nuna maka mutum ɗaya mai aikin da ya fi ƙarfin ɗan Adam da wasu biyu da ba su yi komai ba. Maganin duk wannan shi ne ka ɗauki awannin da mai lura ya bi wani likita, ka ɗora su a kan abin da rajista ta rubuta na waɗannan awannin, ka ga inda suka rabu. Tawagar Arndt ma sai da ta yi haka kafin ta amince da adadinta.

Mataki na biyar: ka tambayi masu aikin

Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Agogo ba ya auna gajiyar ƙwaƙwalwa, kuma minti biyar na neman inda aka ɓoye sakamakon gwaji ba ɗaya yake da minti biyar na karanta shi ba. Akwai ma'auni biyu da aka daɗe ana amfani da su. NASA-TLX, wanda hukumar sararin samaniya ta Amurka ta samar a shekarun 1980, yana tambayar nauyin aiki ta fuska shida: wahalar tunani, wahalar jiki, matsin lokaci, ƙoƙarin da aka yi, yadda aikin ya fita, da takaici. A ba da shi nan take bayan aikin, ba ƙarshen mako ba. Na biyu shi ne SUS na John Brooke, tambayoyi goma a kan sauƙin sarrafa manhaja, makinsa daga 0 zuwa 100, kuma 68 ake ɗauka matsakaici. Da aka ba likitocin Amurka shi, a binciken da Edward Melnick ya wallafa a 2020, manhajojin asibitinsu 45.9 suka samu.

Bayan takardun tambaya, ka zauna da mutum takwas ko goma ɗaya bayan ɗaya. Kada ka tambaye su ko suna son manhajar. Ka ce su nuna maka yadda suka sallami mara lafiya na ƙarshe, suna yi suna faɗin abin da ke ransu, kai kuma kana ƙirga allo nawa aka buɗe da sau nawa aka danna.

Mataki na shida: ka ƙirga ɓarauniyar hanya

Yayin da kake zagaye za ka ga takardu a aljihun nas-nas, da lambobi a bayan hannu, da littafin da aka ce an daina amfani da shi amma yana cike da rubutun yau. Kada ka ɗauke su rashin ɗa'a. Ruwa ba ya tsami banza, kowace ɗaya tana nuna wurin da manhaja ta kasa bin aikin. Ross Koppel da abokansa, a 2008, sun lissafa hanyoyi 15 da nas-nas ke kauce wa na'urar tantance magani, wadda ke karanta lambar da aka ɗaura a hannun mara lafiya kafin a ba shi magani, har da manna lambar mara lafiya a jikin keken kwamfuta ko ƙofa maimakon a karanta ta a hannunsa, kuma sun gano dalilai 31, kamar lambar da ta goge ko na'urar da batirinta ya mutu. Ka rubuta kowace ɓarauniyar hanya, da yawan faruwarta, da dalilin da mai yin ta ya bayar.

Haka saƙonnin gargaɗi da ke faɗowa a allo. Wani nazari na 2006 ya nuna likitoci suna tsallake tsakanin kashi 49 zuwa 96 cikin 100 na gargaɗin magani. Ka ciro yawan gargaɗin da mutum ɗaya ke gani a rana, da nawa yake tsallakewa, sannan ka sa likita da mai harhaɗa magunguna su duba samfuri su faɗi nawa ne daga ciki suka cancanci a tsaya dominsu.

Mataki na bakwai: lokacin awo da yadda ake karanta shi

Makonnin farko bayan an kunna manhaja kowa yana rarrafe, in ka auna a lokacin, koyo ka auna. Ka yi awo kafin a fara, ka sake bayan wata uku zuwa shida, ka ƙara bayan shekara. Ka lura da abin da ya canja tare da manhajar: yawan marasa lafiya, yawan ma'aikata, zuwan sababbin likitoci, lokacin da wata cuta ke yawa. In akwai sashen da bai canja ba, ka auna shi a lokutan nan, shi zai nuna maka abin da da ma zai faru ko babu kwamfuta.

Wajen lissafi, matsakaici yana yaudara, don mutum biyu masu jinkiri sosai suna iya ja shi sama. Ka jera adadin daga ƙarami zuwa babba ka ɗauki na tsakiya, sannan ka dubi waɗanda ke can ƙarshe. In likita uku cikin ashirin ne ke kwana a kan kwamfuta, horo ko gyaran allonsu ake bukata. In duka ashirin ɗin ne, matsalar a tsarin take. Kuma ka ajiye sakamakon likita da na nas da na akawu da na ɗakin magani gefe da gefe a shafi ɗaya, don a nan ne za a ga mintocin da suka bar wannan layi sun bayyana a wancan.

Amanar bayanan

Wannan ya kamata a daidaita shi tun ranar farko. Mai lura yana shiga inda ake tona sirrin marasa lafiya, don haka a nemi izinin kwamitin ɗa'a na asibiti, a nemi yardar mara lafiya kafin a shiga ɗaki, kuma kada a rubuta sunansa ko ciwonsa. Su ma ma'aikata a ba su lamba maimakon suna, a yi musu alkawari a rubuce cewa ba za a yi amfani da awon wajen ladabtarwa ko ƙarin girma ba. Ranar da aka kira nas ɗaya ofis saboda abin da rajista ta nuna, daga ranar takardun aljihu za su ɓuya, kowa ya koma yi wa mai lura wasan kwaikwayo.

Kafin rahoto ya hau sama, ka kai shi ga waɗanda aka auna. Za su gyara maka fassara, su ce wannan jinkirin na ƙarfe goma ba na manhaja ba ne, kwamfuta biyu ce ake rabawa tsakanin mutum bakwai bayan zagayen safe. Daga nan ku zaɓi gyara biyu ko uku tare, kamar kashe gargaɗin da ba shi da amfani, ko rage gurabun da aka wajabta cikewa, ko mayar wa akawu aikin da ya faɗo kan likita. A sa wa kowane gyara mai alhaki da rana, sannan bayan wata uku a koma sashen da gidajen aiki iri ɗaya, da masu lura iri ɗaya, a sake aunawa har da wanda ake zaton aikin zai koma kansa.